Ni ɗan barunje ne, kuma na taɓa musun ubana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta abin nan, in na fara sai in goge, don akwai wurin da in na kai jikina mutuwa yake yi. Jiya da yamma yarona na fari ya dawo da aikin gida, an ce su rubuta sana'ar babansu da ta kakansu, ya tambaye ni na faɗa masa, ya rubuta hankalinsa kwance ya rufe littafi ya fita wasa. Ni kuwa daren jiya ban runtsa ba. Shi ya sa yau na ce sai na rubuta ko da hannuna na rawa.

Ni haifaffen cikin garin Sakkwato ne, can cikin tsohon gari inda lungu ke haifar lungu. Babana barunje ne, wato mahauci ga waɗanda ba 'yan ƙasarmu ba, kakana ma barunje, wanda ya haifi kakana ma haka. Rundawa ake ce mana, kalmar tana nan har cikin sunan unguwar Runjin Sambo. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta fito ta ishe Baba a gida ba, daga masallacin asuba sai kwata. Ran Lahadi kuma Illela yake tafiya cin kasuwar shanu can bakin iyaka kusa da Ƙonni, wani lokaci Achida, in abin gaggawa ne ya shiga Kara nan cikin gari. Mutum ne da zai zagaya sa sau ɗaya ya dafa gindin wutsiya ya taɓa ƙirji ya ɗaga kai ya dubi tozo, ya faɗa ma dillali abin da zai fita a jikinsa, kuma in aka yanka aka feɗe da wuya ka ga ya kuskure. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya amma lissafin bashin mutum hamsin yana kansa.

Hannuwansa nake yawan tunawa. Duk tabon wuƙa ne, ga na dambe da ya yi da ƙuruciya don kun san dambe wasan rundawa ne, in ya ji kalangu ko yana tsakiyar cin tuwo sai ka ga kafaɗarsa ta motsa. Akwai wani ƙamshi na kitse da hayaƙi da ke jikinsa wanda sabulu bai fitar da shi, ko ran Juma'a ya sa babbar riga ya shafa turare yana nan a ƙasa. Kuma da yake ni ne ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, alkunya, sai dai ya ce kai wanga, in yana cikin nishaɗi ya ce ɗan boko.

Ina ɗan shekara 7 na fara binsa, aikina riƙe ƙafa in ana fiɗa, da wankin tumbi da hanji. Amma shi da kansa ya cire ni, ya ce da safe boko da yamma allo. Abokan sana'arsa suka yi ta masa magana wai zai ɓata yaro, ya ce musu wuƙa ba ta gudu, tana nan tana jiranai, bari shi tai shi ga abin da mu ba mu gani ba. Duk littafin da na taɓa riƙewa da duk takalmin makaranta, daga teburin naman nan suka fito.

A sakandare abin ya fara. Wani yaro a ajinmu muka yi ɗan saɓani kan benci, sai ya toshe hanci ya ce a matsa masa warin jini ya ishe shi, aji ya kwashe da dariya har wanda nake ganin abokina ne. Magana ce ta yara, wata ƙila shi ya manta kafin a tashi, ni kuwa ta zauna min daram. Daga ranar na fara tara kuɗin tara ina sayen turaren ɗuri, na daina bi ta gaban teburin Baba in ina tare da mutane, kuma duk fom ɗin da aka ce sana'ar mahaifi sai in rubuta ɗan kasuwa.

Na shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2008. Can na haɗu da yara 'yan gidan sarauta da 'ya'yan manyan ma'aikata, mutanen kirki wallahi akasarinsu, ba wanda ya taɓa tambayata asalina da niyyar wulaƙanci, ni ne dai na riga na gina katanga. In hira ta biyo ta kan iyaye sai in ce mahaifina harkar shanu yake yi, kun ga ba ƙarya ba ce tsagwaronta amma na san hoton da nake so su gani, Alhaji mai garke da tirela. In abokina ya rage min hanya da mota sai in ce ya sauke ni bakin titi, in ƙarasa da ƙafa ko in hau kabu-kabu. Shekara biyu ba wanda ya san ƙofar gidanmu.

Toh sai 2010. Duk ɗan Sakkwato ya san shekarar, watan Satumba ruwa ya taso ta wajen madatsar Goronyo, gulbin Rima ya cika ya batse ya ci gonaki da ƙauyuka, ya tafi da gadar da ke kan hanyar shiga jami'a, ya zama wanda duk ke son ƙetarawa sai ya shiga kwale-kwale. Cikin wannan halin ne na matsu da kuɗi, na aika gida, ina zaton ƙanena za a ba ya kawo. Muna zaune ƙarƙashin wani dogon yaro mu biyar, maza uku mata biyu, sai na hango mutum tafe. Tun daga tafiyar na gane shi. Daga kwata ya wuce kai tsaye ko gida bai biya ba, da kayan aikinsa, ɗigon jini ya bushe a bakin rigar, wandonsa jiƙe har gwiwa da laka saboda fitowa daga jirgi, hannunsa riƙe da baƙar leda. Ya tsaya ɗan nesa don bai son ya kutsa cikin mutane, ya ce kai wanga.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce wane ne ke kiranka. Tsakaninmu da shi bai fi taku goma ba. Wallahi tallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ji kaina ina cewa mai naman shiyyarmu ne, an aiko shi daga gida.

Na tashi na same shi. Ya sa hannu cikin aljihun ciki ya fiddo kuɗi naɗe da roba, naira dubu 18, 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari-ɗari duk sun yi laushi da maiƙo, ya ce in ƙirga, na ce ba sai na ƙirga ba don so nake ya tafi. Ya miƙo ledar ya ce ga wanga ku taɓa kai da abokanka. Sannan ya leƙa ta kafaɗata ya ɗaga musu hannu ya ce sannunku da karatu, Allah shi ba da sa'a. Ya juya. Na tsaya ina kallon bayansa yana tafiya wajen ruwa, takalminsa na roba na yin ƙara saboda laka. Balangu ne cikin ledar, naɗe da takardar siminti, tsoka zalla da tozo, irin wurin da yake ajiye ma manyan masu sayensa. Muka zauna muka cinye suna ta santi, ɗaya har yana cewa mai naman shiyyarku ya iya aiki. Ni ma na ci. Wannan ne wurin da kullum in na kai nake gogewa.

Da na koma gida ƙarshen mako gabana na faɗuwa, sai na ishe shi yadda na san shi, ya amsa gaisuwata ya tambayi karatu ya ce a ƙara min nama a miya. Na ce alhamdu lillahi bai ji ba. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, na sami aiki, ya yi ta yawo cikin 'yan uwansa rundawa yana cewa ɗan boko ya zama ma'aikaci.

A 2015 na ga yarinya ina so, ita ma tana sona, 'yar wani babban gida ce cikin gari. Ita na faɗa mata gaskiya amma a makare, bayan zuciya ta riga ta yi nisa, ta ce ita ba ruwanta. Kawunnaina suka je gaisuwa aka karɓe su da mutunci aka ci goro aka yi addu'a, aka ce a ba su lokaci su yi bincike. Bayan mako biyu sai ga wata tsohuwa da kayanmu niƙi-niƙi. Saƙon da aka ba ta gajere ne, an ce yaro ba shi da aibi, an bincika an ji yana salla ba ya shaye-shaye yana da aikin yi, amma gidan ba su taɓa haɗa zuri'a da rundawa ba kuma ba za a fara a kansu ba.

Har yau in na tuna maganar nan sai in rasa inda zan ajiye ta. Gidan nan kullum sai an ɗora tukunya da naman da barunje ya yanka, ran layya tun da hantsi suke aikawa a nemo barunje ya feɗe musu raguna, ana ba shi ruwa ana masa sannu, amma jininsa bai isa ya gauraya da nasu ba. Kuma a garin Shehu, garin da in ka fita daga Hubbare ba ka taku ɗari ba ka ji ana karatu a wani zaure ba, inda yaro ƙarami zai karanto maka ayar nan ta cikin Hujurati cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi taƙawa, da hadisin da ya ce in wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku ku aura masa. Duk mun haddace. In abin ya zo kan ɗiyar mutum sai ka ji wani karatun daban.

Daren da aka maido kayan na shigo gida kamar mahaukaci. Na ishe Baba cikin zaure da fitila, ya shimfiɗa buhu ya jera wuƙaƙensa yana wasawa don aikin gobe. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na fara, na ce Baba ka ga abin da sana'ar ga taka ta ja min, na ce duk karatun da na yi ya tashi a banza, na ce da wani gida aka haife ni da yanzu an sa rana. Na faɗi maganganu da yawa waɗanda ba zan iya maimaitawa ba. Bai ɗago ba, yana ta goga wuƙa a dutse yana ɗiga ruwa, sai da na yi shiru don kaina sannan ya gwada kaifin a farcen babban yatsansa ya ajiye ta. Ya ce, su mutanen ga ba su san ni ba, in sun ƙi ni ba su yi min komi ba. Kai da nic ciyar da kai da wuƙar ga, ran da niz zaka makarantarku cikin ruwa, mi kac ce ma abokanka?

Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Ya ce na jiya, kunnuwana lahiya lau suke. Ban hwaɗa ma uwarka ba, kai ma kak ka hwaɗa mata, ba ta iya ɗauka.

Shekara biyar. Shekara biyar mutumin nan yana ɗauke da maganar nan a cikinsa, yana biya min kuɗin makaranta, yana sa a ƙara min nama a miya, yana alfahari da ni a kasuwa. Na durƙusa na kama ƙafarsa ina kuka irin wanda ban taɓa yi ba tun ina yaro, ina cewa Baba ka yafe min, Baba ka yafe min. Ya ce tashi kar ƙannenka su ji, ni na yahe maka tun cikin jirgi kahin mu kai ganga. Ya ɗauki wata wuƙar ya ci gaba da wasawa, amma na ga hannun na rawa, ban taɓa ganin hannun Baba ya yi rawa da wuƙa ba sai ranar.

Da asuba na bi shi kwata, rabona da wurin ya fi shekara goma. Ba wanda ya yi min gori, tsofaffin suka yi ta cewa a'a ɗan boko ya tuna hanya, wani ya miƙo min ƙafar sa ya ce riƙe mu gani ko hannun ya manta. Bai manta ba.

Bayan kwana biyu na je wurin amini na, ɗaya daga cikin waɗanda ke zaune ƙarƙashin bishiyar ranar, na ce yau zan faɗa maka wani abu da na ɓoye maka shekara bakwai. Ya bar ni na gama sannan ya ce ai na sani tun muna aji ɗaya. Ashe innarsa wurin Baba take aikensa sayen nama tun yana ƙarami, Baba ya san shi sarai, har yakan ƙara masa hanta ya ce ka gaida abokinka. Ranar nan da Baba ya ɗaga musu hannu ya ce sannunku da karatu kamar bai taɓa ganin kowa cikinsu ba, sun haɗa ido da shi, Baba ya kau da kai, shi ma ya gane ana so ya yi shiru. Wato su biyu suka haɗu suka rufa min asiri a kan ƙaryar da na yi ma ɗaya a gaban ɗayan. Na ce masa to tunda ka sani, tsakaninka da Allah, da ƙanwarka na nema za ka ba ni? Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce ni zan ba ka, amma ka san ba ni ka badawa ba. Na ji zafin amsar amma na gode masa da bai yi min daɗin baki ba, har gobe amini na ne.

Na yi aure a 2017, ɗiyar wani abokin sana'ar Baba, malamar makaranta ce, kuma ba don na rasa ba na aure ta, Allah ya haɗa jininmu ne. Baba ya ga jikansa ya yi masa huɗuba da bakinsa. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 shanu suka yi tsada sana'a ta ja baya, ga hawan jini ya sa shi gaba, a 2020 Allah ya karɓi abinsa. Har ya koma bai taɓa kiran sunana ba. Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa, wanda duk ya karanta don Allah ya sa shi cikin addu'a.

Da nan labarin ya ƙare da na ce na yi hankali. Amma a 2022 wani saurayi ya fito neman autarmu, yaro natsattse mai gyaran waya, ba ya wuce jam'i, kowa a shiyyarsu na yabonsa. Da yake ni ne babba yanzu sai maganar ta biyo ta kaina. Na tambayi ɗan gidan wane ne, aka ce babansa makaɗi ne, kalangu yake kaɗawa, irin masu yi ma rundawa kiɗan fawa. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce ɗan makaɗa? Da irin muryar nan, kun gane ta. Ƙanwata na zaune bakin ƙofar ɗakin Inna tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni ta ce Yaya, har da kai?

Abin da ya fi ba ni tsoro ba kalmar da ta kuɓuce ba ce, abin da ya biyo bayanta ne cikin kaina. Hujjoji suka yi ta zuwa a jere, a shirye kamar dama suna ajiye, ba a taɓa yi ba a gidanmu, mutane me za su ce, 'ya'yan da za a haifa za a riƙa yi musu gori, ai don ita nake yi. Kalma da kalma abin da aka aiko tsohuwar nan ta faɗa mana. Kuma ina jinsu da gaske a raina, ba wai ina riya ba, ina jin ni mai kare mutuncin gida ne. A nan na fahimci mutanen da suka maido min kaya ba wasu mugaye ba ne masu ƙaho, wata ƙila su ma ranar ji suka yi suna yin daidai, suka kwanta suka yi barcinsu. Kawu ya zo ya ce atafau, su da mu ka ba su kuɗi suna roƙonmu, yau su za mu ba ɗiya? Inna ma ba ta so, tana ta kuka tana cewa da mai gidan na da rai. Ni kuwa na san da yana da rai abin da zai tambaye ni, kuma na san zai tambaya ne yana kallon farcensa ba ni ba.

Wata uku muna abu ɗaya. Na je da kaina na yi bincike kan sallarsa da halinsa da abin da zai riƙe ta da shi, na zauna da mahaifinsa, dattijo mai kunya, ashe ya sha yi ma Baba kiɗa a filin dambe, har ya faɗa min kirarinsa wanda ni ɗansa ban taɓa ji ba. Na roƙi Inna har ta sauko, Kawu bai sauko ba sai da limamin shiyyarmu ya sa baki. Aka ɗaura aure. Akwai gwaggonmu ɗaya da har yau ba ta taka gidan ba, ko suna ba ta je ba da aka haihu, ina zuwa gaishe ta ina kai mata abin da ya samu, ba na tayar da maganar ita ma ba ta tayarwa.

Yau da safe kafin yaron ya tafi makaranta na buɗe littafin na duba. Ya rubuta kakana mahauci ne, da manyan baƙaƙe karkatattu, a ƙasa ya zana wani abu mai ƙafa huɗu da ƙaho. Ya ce Abba wai kaka yana da wuƙa babba? Na ce yana da ita, tana ɗakin Inna naɗe cikin tsohon rawaninsa, ni nake fiɗa da ita duk babbar Salla, namu da na maƙwabta. Ya ce yana son ya gani. Na ce ran Asabar in Allah ya kai mu za mu je ka gani, daga nan mu wuce kwata ka gaida abokan kakanka, amma sai ka tashi da asuba. Ya ce zai tashi.